Guba a Hannun 'Yan Ta'adda: Ina Haɗarin Yake Zaune?

Ranar Litinin, 20 ga Maris 1995, wajen ƙarfe takwas na safe, lokacin da ma'aikata suka cika jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Tokyo maƙil, wasu mutum biyar suka shiga jirage biyar daban-daban. Ba bindiga a hannunsu, ba bam. Kowannensu laima ce a hannunsa da ƙunshin jarida, a cikin jaridar kuwa ledoji ne ɗauke da wani ruwa. Da jirgi ya iso tashar da aka tsara, sai kowa ya ajiye ƙunshinsa a ƙasa, ya caccake shi da tsinin laimar da aka riga aka wasa, ya fice abinsa. Ruwan ya malala a ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji yana tashi a iska. Can sai mutane suka fara tari, hanci yana zuba, ido yana yin duhu kamar an rage hasken fitila, wasu suka zube suna shure-shure. A tashar Kasumigaseki, unguwar ma'aikatun gwamnati, ma'aikatan tasha biyu da suka kwashe ƙunshin da hannunsu don su kare fasinjoji ba su tsira ba.

Ruwan nan sarin ne, wata guba mai kama jijiya. Mutum 13 suka mutu, daga baya lissafin ya kai 14, sama da 5,000 kuma suka yi tururuwa zuwa asibitoci. Duk wanda zai yi maganar 'yan ta'adda da makamai masu guba, daga wannan safiyar yake farawa, domin ita ce ta nuna abin mai yiwuwa ne. Ni kuwa a ganina ta nuna wani abu na biyu da ba a cika faɗa ba, wato irin wuyar da ke cikin aikin.

A dubi ƙungiyar da ta yi wannan aika-aika. Aum Shinrikyo, ƙarƙashin Shoko Asahara, tana da dubban mabiya a Japan da Rasha, da dukiya mai ɗimbin yawa, da matasa masu digiri a fannin sinadarai da likitanci daga manyan jami'o'in ƙasar. Ta gina masana'anta sukutum a ƙauyen Kamikuishiki kusa da dutsen Fuji, ta sayo jirgi mai saukar ungulu daga Rasha. Rajistar da take da ita a matsayin ƙungiyar addini ta sa 'yan sanda suka daɗe suna ɗari-ɗari da ita. Har gwaji ta yi a watan Yuni 1994 a garin Matsumoto, inda ta fesa sarin daga mota ta kashe mutum bakwai a dare ɗaya, 'yan sanda kuwa suka ɓata watanni suna zargin wani bawan Allah mazaunin unguwar wanda matarsa ma tana cikin waɗanda gubar ta kama. Da duk wannan gata, babbar masana'antar ba ta taɓa aiki yadda aka so ba. Sarin ɗin da aka kai Tokyo a gaggauce aka haɗa shi don an ji ƙishin-ƙishin za a kai musu samame, tsabtarsa ba ta wuce kusan kashi ɗaya bisa uku ba, hanyar watsa shi kuma ta ƙare a leda da laima.

Dalilin yana cikin halin su kansu sinadaran. Masu shaƙe numfashi, irin su kulorin, huhu suke ƙonawa, amma sai an tara su da yawa a wuri guda. Lokacin da sojojin Jamus suka fara amfani da kulorin a Ypres ta ƙasar Beljiyam ranar 22 ga Afrilu 1915, sama da tan 150 suka saki daga dubban tukwanen gas, bayan sun yi kwanaki suna jiran iska ta kaɗa ta inda suke so. Watanni biyar bayan haka sojojin Birtaniya suka gwada nasu a Loos, iska ta juya ta maido musu da wani ɓangare. Masu sa bororo, wato dangin mastad, sun fi raunatawa da makantarwa fiye da kisa, kuma sai bayan sa'o'i mutum yake sanin sun taɓa shi. Masu kama jijiya su ne ajali: sarin, wanda masu binciken maganin ƙwari suka gano a Jamus a 1938, da VX, da Novichok. Aikinsu shi ne toshe wani sinadari da jiki ke amfani da shi wajen katse saƙon jijiya bayan ya isa. In aka toshe shi, saƙo ba ya yankewa, tsoka ta ƙanƙame ta ƙi saki, har wadda ke jan numfashi ta gaza. Amma haɗa waɗannan da yawa, a tace su, a adana su ba su lalace ba, a watsa su ta yadda za su isa huhun jama'a ba tare da sun fara kashe mai haɗawar ba, aiki ne da ya cinye wa manyan ƙasashe shekaru da ma'aikata dubbai. Kisan garin Halabja na Iraƙi na ranar 16 ga Maris 1988, inda Kurdawa kimanin 5,000 suka mutu, gwamnatin Saddam Husaini ce ta yi shi, da jiragen yaƙi da masana'antun gwamnati.

Shi ya sa ɗan ta'addan da ke lissafin gawa yakan koma ga abin da ya saba. A Yulin 2016 ƙungiyar IS ta tayar da bam a mota a unguwar Karrada ta Bagadaza, sama da mutum 300 suka mutu. A wannan watan dai, mutum guda da babbar mota ya kashe 86 a birnin Nice na Faransa. A Oktoban 2017 bam ɗin da aka ɗana a wata babbar mota ya hallaka sama da 500 a Mogadishu. Babu wani hari da guba da wata ƙungiya ta taɓa kaiwa da ya ko kusanci waɗannan.

To me ya sa hankali bai kwanta ba?

Saboda ɗan ta'adda ba gawa kaɗai yake ƙirgawa ba, tsoro yake sayarwa, guba kuwa ta fi kowane makami arhar tsoro. Bam ya tashi ya gama, kowa ya san ko ya same shi ko bai same shi ba. Guba ba a ganinta, ba a san inda ta tsaya ba, ba a san ko tana jikin rigar wanda ke kusa da kai ba. Mafi yawan waɗanda suka cika asibitocin Tokyo ran nan rauninsu kaɗan ne, da yawa ma fargaba ce ta kai su, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Mutum 13 sun mutu, amma birni mai mutum miliyoyi ya tsaya cak, har aka kwashe kwandunan shara daga tashoshi. Ga ƙungiyar da ke son duniya ta ambaci sunanta, wannan riba ce babba.

Daga nan sai IS ta zo ta sauya lissafin. Bayan ta kama birnin Mosul na Iraƙi a watan Yuni 2014, ta sami abin da Aum ba ta taɓa samu ba: ƙasa mai faɗi da ba mai leƙa ta, kuɗin man fetur, ɗakunan gwaje-gwaje na Jami'ar Mosul, da tsofaffin ma'aikatan shirin makamai na zamanin Saddam. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake wa laƙabi da Abu Malik, ya taɓa aiki a cibiyar haɗa makamai masu guba ta Muthanna, Amurka ta ce ta kashe shi a wani hari ta sama a Janairun 2015. Da waɗannan IS ta zama ƙungiya ta farko da ta haɗa mastad da kanta, ta ɗura shi a harsasan igwa da rokoki, ta harba a fagen daga. Ranar 21 ga Agusta 2015 ta harba shi kan garin Marea da ke arewacin Halab a Siriya. Masu bincike na ƙasa da ƙasa sun tabbatar da haka, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da jaririyar da ta rasu daga baya. A Maris 2016 ta yi ruwan rokoki kan Taza Khurmatu, garin Turkmen 'yan Shi'a a kudu da Kirkuk, ɗaruruwa suka jikkata, ƙananan yara na cikin mamatan. Wata cibiyar bincike mai suna IHS ta ƙirga aƙalla sau 52 da ƙungiyar ta yi amfani da guba a Iraƙi da Siriya zuwa ƙarshen 2016.

Mastad ɗin nata gurɓatacce ne, kuma bai sauya akalar yaƙi ko sau ɗaya ba. Sai dai ya tilasta wa mayaƙan Kurdawa na Peshmerga da sojojin Iraƙi yawo da takunkumin gas cikin zafin bazara, ya kori mutane daga gidajensu. Abin lura kuma, da ƙungiyar ta rasa Mosul a 2017, hare-haren suka ƙafe. Ilimin bai gudu daga kawunan masu shi ba, wurin zama da sararin yin aiki ne suka ƙare. Don haka tambayar da ta fi amfani ita ce wace ƙungiya ce ke riƙe da gari mai jami'a ko masana'anta na tsawon shekara biyu ko uku ba wanda ya tashe ta.

Wannan ita ce ƙofa ta farko da guba ke bi ta isa hannun 'yan ta'adda, wato su haɗa ta da kansu. Ƙofa ta biyu ita ce ragowar abin da gwamnatoci suka tara. Ƙasa tana da ƙarfi, rumbunta na kulle. Ranar da ta wargaje, mai gadi ne farkon gudu. A 2014 Iraƙi ta sanar da Majalisar Ɗinkin Duniya cewa IS ta kama tsohuwar cibiyar Muthanna, inda aka rufe rokokin sarin kimanin 2,500 tun kafin 1991. Sa'ar da aka yi, sun daɗe da lalacewa. A Libiya, Mu'ammar Gaddafi ya ce ya yi watsi da shirinsa a ƙarshen 2003, amma bayan faɗuwarsa a 2011 aka gano harsasan mastad da bai taɓa bayyanawa ba. A Agustan 2016, lokacin da ake gwabzawa da IS a Sirte, wani jirgin ruwan Denmak ya kwashe ragowar sinadaran haɗi kimanin tan 500 daga tashar Misrata zuwa Jamus, don kada su faɗa hannun da bai dace ba.

Siriya ce ta fi tsaya wa masana a rai. Bayan harin sarin na Ghouta, a gefen birnin Damaskas, a ranar 21 ga Agusta 2013, wanda ya kashe ɗaruruwan mutane, Amurka ma ta ce sun haura 1,400, gwamnatin Bashar al-Assad ta shiga yarjejeniyar haramta makamai masu guba, aka fitar da kimanin tan 1,300 na sinadarai, aka lalata mafi haɗarinsu a kan wani jirgin ruwan Amurka a tekun Bahar Rum. Duniya ta yi ajiyar zuciya, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Sai ga sarin a Khan Shaikhun a Afrilun 2017, ga kulorin a Douma a Afrilun 2018, shaidar cewa ba duka aka bayyana ba. Da gwamnatin ta faɗi ranar 8 ga Disamba 2024, hukumar OPCW mai kula da haramcin ta ƙiyasta cewa wuraren da ke da alaƙa da shirin za su iya haura 100. Shugabanta na lokacin Fernando Arias ya je Damaskas a Fabrairun 2025, sababbin mahukunta suka yi alkawarin haɗin kai. Amma ba rumbuna kaɗai ake nema ba. Akwai mutanen da suka yi shekaru suna wannan aiki, albashinsu ya tsaya, wasu na tsoron kamu. Abin da ya faru da ma'aikatan Saddam bayan 2003 ya isa hannunka mai sanda.

Ƙofa ta uku ce nake ganin an fi yi wa sakaci, wataƙila don ba ta da ban sha'awa a labarai. Guba tana nan zube a harkokin yau da kullum. Da kulorin ake tace ruwan sha, da amoniya ake yin takin zamani, magungunan ƙwari da yawa 'yan uwan sarin ne na nesa. Ana jigilar waɗannan a tankoki da jiragen ƙasa da na ruwa kowace rana, kuma ba yadda za a yi a hana, don rayuwa ba ta yiwuwa sai da su. Wanda ya kasa haɗa guba yana iya satar wadda aka haɗa, ko ya fasa ta a inda take. A 1990 'yan tawayen Tamil na Siri Lanka sun ɗebo kulorin daga wata masana'antar takarda suka sake shi kan sansanin soja. Tsakanin 2006 da 2007 Alƙa'ida a Iraƙi ta riƙa ɗaura tukwanen kulorin a motocin ƙunar baƙin wake a lardin Anbar, ko da yake fashewar bam ɗin ce ta fi kisa, zafinta ma yana ƙone wani ɓangare na gas ɗin. A Oktoban 2016 IS ta cinna wa tulin farar wuta a masana'antar Mishraq, kudu da Mosul, hayaƙin ya tura ɗaruruwa asibiti.

Wanda yake son ganin iyakar wannan haɗari, ya dubi haɗurran da ba wanda ya shirya su. A Disamban 1984 iskar da ta tsiyayo daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a Bhopal ta Indiya ta kashe dubban mutane suna barci. A Yunin 2022, a tashar jiragen ruwa ta Aƙaba a Jodan, igiyar injin ɗaga kaya ta tsinke, tankin kulorin ya faɗo kan jirgi ya fashe. Hoton bidiyon ya zaga duniya: wani gajimare ruwan ɗorawa ya turnuƙe wurin cikin daƙiƙa kaɗan, ma'aikata suna gudu da ƙafa, wata babbar mota tana ja da baya. Mutum 13 suka mutu, adadi ɗaya da na Tokyo, ba masana'antar ɓoye, ba masu digiri. Duk da haka, a Amurka kanta dokar da ke tilasta wa masana'antun sinadarai matakan kariya daga ta'addanci ta ƙare a Yulin 2023 majalisa ba ta sabunta ta ba, a watan da ƙasar ke murnar lalata makaminta mai guba na ƙarshe.

Ta fuskar doka an yi aiki, ba a raina ba. Yarjejeniyar haramta makamai masu guba ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu 1997, ƙasashe 193 suna ciki, an lalata sama da tan 72,000 da aka bayyana, OPCW ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2013. Masar da Koriya ta Arewa da Sudan ta Kudu ba su shiga ba, Isra'ila ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba. Matsalar ita ce gwamnatoci aka ɗinka wa rigar. Sufeto yana zuwa ne inda gwamnati ta bayyana ta kuma buɗe masa ƙofa, ɗan ta'adda kuwa ba ya cike fom. Don toshe wannan giɓi Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1540 a 2004, wanda ya wajabta wa kowace ƙasa ta yi dokar hana irin waɗannan kaya isa hannun ƙungiyoyi. Amma ƙuduri a New York ba ya duba kwantena. Mai dubawa jami'in kwastan ne a bakin iyaka, da sau da yawa ba shi da na'urar gwaji, kuma ƙasashe da dama har yau ba su kammala shigar da yarjejeniyar cikin dokokinsu ba.

Sannan mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. A Fabrairun 2017 aka shafa wa Kim Jong Nam, ɗan uwan shugaban Koriya ta Arewa, VX a fuska a tsakiyar filin jirgin saman Kuala Lumpur. A Maris 2018 aka shafa Novichok a hannun ƙofar Sergei Skripal, tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, a Salisbury ta Ingila, Birtaniya ta ɗora laifin kan jami'an leƙen asirin sojan Rasha, Rasha ta musanta. Waɗanda suka yi aikin sun yar da ragowar a kwalbar turare, watanni bayan haka wata mata da ba ruwanta ta fesa a hannunta ta mutu. A Nuwamban 2017 Rasha ta hau kujerar naƙi ta kashe kwamitin binciken haɗin gwiwa kan Siriya, wanda shi ne dai ya tabbatar da laifin IS a Marea. Ƙyamar da duniya ke yi wa guba ita ce katanga mafi ƙarfi, domin har ƙungiyoyin ta'adda suna tsoron abin da zai ɓata su a idon masu goya musu baya. Duk lokacin da wata gwamnati ta yi amfani da ita ta kwana lafiya, an zare tubali ɗaya.

Akwai kuma masu cin kasuwa da tsoron, kuma dole a faɗe su. A Agustan 1998 Amurka ta ragargaza masana'antar magunguna ta Al-Shifa a Khartum bisa zargin tana haɗa sinadarin VX don Usama bin Laden, hujjar da ta gabatar ba ta gamsar da masana da yawa ba, a 1999 kuma ta saki kuɗaɗen mai masana'antar da ta riƙe. A Fabrairun 2003 sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin Colin Powell ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu yana haɗa makaman Saddam da 'yan ta'adda, har ya kawo batun gubar risin da aka ce an gano a wani gida a Landan. A shari'ar da aka yi a 2005 ta bayyana ba a sami risin a gidan ba, makaman Saddam ɗin ma ba a gan su ba. Gwamnatin Assad kuma ta mayar da kalmar 'yan ta'adda mayafi, duk harin da aka kama ta da shi sai ta ce su ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: yau in aka yi gargaɗi na gaskiya, rabin masu sauraro za su ce an sake dawowa da tatsuniyar Iraƙi.

Ana yawan kawo batun jirage marasa matuƙa da ƙirƙirarriyar basira. Na farkon ya fi damuna, don watsawa ce ta kayar da Aum, jirgin feshi kuwa yanzu a kasuwa ake sayensa. Na biyun kuma, a 2022 wasu masu binciken magunguna sun juya manhajarsu ta baya, cikin ƙasa da sa'a shida ta zayyano sinadarai 40,000 masu yiwuwar guba. Abin tayar da hankali ne, sai dai zane a kwamfuta bai zama ruwa a kwalba ba, Aum ma ba sunan sinadari ta rasa ba. Yunƙurin kai hari da guba da aka daƙile a Sidni ta Ostireliya a 2017 da Kolon ta Jamus a 2018 ƙanana ne, na mutum ɗaya ko biyu da ke bin umarni ta intanet, kuma aikin leƙen asiri na yau da kullum ne ya kama su.

Abin da ya fi rage ɓarna in abin ya auku ba shi da tsada sosai, kuma Tokyo ce ta koyar da shi. Mafi yawan majinyata ran nan ba motar asibiti ta kai su ba, da ƙafa suka je, ko a tasi, ko a motar wani mai tausayi, sanye da tufafin da gubar ta jiƙa. Asibitin St. Luke's kaɗai ya karɓi mutum 640, har ɗakin ibadarsa ya koma ɗakin jinya. An yi sa'o'i ba a san mene ne ba, sai da likitocin da suka yi jinyar mutanen Matsumoto suka ga alamomin a talabijin, musamman tsukewar ƙwayar ido, suka aika wa asibitocin Tokyo bayanin magani. Maganin kuwa sananne ne, atrofin da wani abokin haɗinsa, ga su nan a asibitoci da dama. Cire tufafi da wanke jiki da ruwa yana kawar da mafi yawan gubar da ke jikin mutum, amma a asibitin ba wurin yin hakan ga jama'a masu yawa, ba kuma kayan kariya. Da aka bincika daga baya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan da aka tambaya sun ce su ma idonsu ya yi duhu, kansu ya yi ciwo, alhali ko kusa da tashar jirgi ba su je ba.